Fita aikin taimako ƙasar waje: wa ke canzawa, kuma wa ke biyan kuɗin darasin?

Maryam: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fita wata ƙasa aikin sa-kai, na wa'azi ne ko na raya karkara. An ba ni dama in bi wata tawaga ta mako 3, za mu gyara azuzuwan wata makaranta mu kuma koyar da yara. Yayata ta ce in je, wai duk wanda ya yi irin wannan tafiya ba ya dawowa yadda ya tafi. Wani malamina kuma ya ce abin da za a kashe a kujerar jirgina kaɗai ya isa a biya magina 'yan garin, su yi aikin da ya fi namu kyau. Maganarsa ta tsaya mini a rai. Da gaske tafiyar tana canza mutum? In tana canzawa, ta wace fuska?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki je. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma gani ya kori ji. Dubi Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka. Ya yi shekaru yana wa'azin cewa farar fata ba abin yarda ba ne, sai ya je aikin Hajji a 1964, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mutane na kowane launi, ya koma Amurka da wata magana dabam. Abin da littattafai ba su yi masa ba, 'yan makonni suka yi.

Aminu: Malam, misalinka yana da kyau, amma ba irin tafiyar Maryam ba ce. Malcolm X bai je Makka don ya taimaki kowa ba. Shi ne ma mabuƙacin. An tsayar da shi a Jidda, bai iya Larabci ba, sai da wasu suka tsaya masa suka sauke shi a masaukinsu. Abin da ya karya masa zuciya shi ne alherin da aka yi masa. Wanda ya sauka daga jirgi da akwatunan kyauta da kyamara a wuya, kujerarsa dabam ce.

Malam Sani: Na karɓi gyara. Amma mai kai kyautar ma ai yana da ido.

Likita Hauwa: Yana da ido, Malam, sai dai baƙo ko da ido makaho ne. Bari in ba da nawa labarin, zai ɗan yi tsawo.

Na yi aiki a Saliyo lokacin Ebola, daga ƙarshen 2014 zuwa cikin 2015. Annobar nan ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Na tafi da abin da na sani daga makaranta: gawar mai Ebola ta fi mai rai haɗari, saboda lokacin ne ƙwayar cutar ta fi yawa a jiki. Don haka da na ji ana ɓoye gawa a gida, ana yi mata wanka cikin dare, ana jifan motar masu ɗaukar gawa, kalma ɗaya ce ta zo bakina: jahilci. Na faɗe ta a gaban wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar, wadda ta girme ni, ta kuma riga ta binne abokan aikinta da dama. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Likita, a ce mahaifiyarki ce. Wasu mutane da ba ki ga fuskarsu ba suka zo cikin fararen riguna, suka fesa mata magani, suka sa ta a leda, suka tafi da ita, ba wanka, ba sallah, ba ki san kabarinta ba. Gobe in mahaifinki ya kwanta, za ki kira su?"

Ban iya ba ta amsa ba. A daren nan ban yi barci ba.

Mutanen nan sun san cutar tana kisa, sun fi ni sani, 'yan uwansu take ɗauka. Abin da muke nema daga gare su shi ne su wofintar da iyayensu a ranar da ya fi wajaba su girmama su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin jana'iza a ƙarshen 2014, wanda ya shigo da limamai da fastoci, ya ba dangi damar tsayawa daga nesa su gani, a sa likkafani, a yi addu'a. Da wannan ya fara aiki a yankinmu, mutane da kansu suka riƙa kiran waya. Ilminmu na ƙwayar cuta bai ƙaru ba ko kaɗan a tsakanin. Kunnenmu ne ya buɗe.

Daga ranar na daina kiran wanda ya ƙi magani jahili. Yanzu in mara lafiya ya ƙi abin da na rubuta masa, nakan tambaye shi me yake tsoro. Yawanci akwai dalili, kuma yawanci dalilin mai nauyi ne.

Akwai abu na biyu da har yau yake damuna. In baƙon ma'aikaci daga ƙasa mai arziki ya kamu, akan nemo jirgi na musamman a fita da shi. Ɗan ƙasa kuwa a nan zai kwanta. Dokta Sheik Umar Khan, likitan Saliyo da ya jagoranci yaƙi da cutar a garin Kenema, a ƙasarsa ya rasu cikin Yulin 2014. Mu baƙi aka yi ta yabo da muka koma gida. Waɗanda suka fara aikin kafin mu zo, suka ci gaba bayan mun tafi, ba a san sunan yawancinsu ba.

Maryam: Anti Hauwa, jikina ya yi sanyi. Amma ke likita ce, kin je da abin da ake buƙata. Ni ban taɓa riƙe cokalin magini ba.

Rifkatu: Wannan ita ce tambayar da ya kamata in yi wa kaina, ban yi ba. Ni da tawagar cocinmu muka je Kambodiya, mako 2, wani gidan marayu. Muna isa yara suka rugo suka rungume mu. Wata ƙaramar yarinya ta riƙe hannuna ba ta sake ba har ranar tafiya. Na yi kuka a mota, na dawo ina ba da shaida a gaban jama'a cewa Allah ya taɓa zuciyata. Kuma ya taɓa, ba ƙarya nake ba.

Bayan shekaru na fahimci abin da na gani. Yaron da ya tashi a hannun mai kula da shi guda ɗaya yakan yi ɗari-ɗari da baƙo. Wanda yake faɗawa jikin duk wanda ya shigo, alama ce ta cewa an yi ta zuwa ana tafiya ana barinsa. Ni ma na zo na tafi. Sannan ƙungiyoyin kare yara sun daɗe suna faɗin cewa kusan 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida. A Kambodiya gidajen marayu ƙaruwa suka yi ta yi a shekarun da baƙi masu ziyara suka yawaita, domin inda baƙo yake ajiye kuɗi nan ake kai yara. Har ta kai Ostireliya, a 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje a matsayin wani nau'i na bautar zamani.

To, Maryam, na canza. Na daina ɓarna, na ƙara godiya, na ƙara addu'a. Amma yarinyar nan ce ta biya kuɗin darasina, kuma ba a tambaye ta ba. Har yanzu ina sa ta a addu'a. Abin da nake bayarwa yanzu, wajen masu mayar da yara hannun danginsu nake kai shi.

Aminu: Allah ya saka da alheri, Anti Rifkatu, ba kowa ke iya faɗin haka ba. Ni dai ra'ayina a fili yake. Kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna. A 1968 wani malamin Katolika, Ivan Illich, ya tsaya gaban matasan Amurka masu zuwa aikin sa-kai a Mekziko, ya roƙe su su zo yawon buɗe ido ko karatu, amma kada su zo da sunan taimako. Ku tuna PlayPump, lilon nan da aka ce yara za su riƙa wasa a kai yana jawo ruwa. Manyan duniya suka zuba kuɗi wajen 2006, aka kafa su a ƙasashen kudancin Afirka, a wasu wuraren ma aka cire famfon da ke aiki aka sa shi. Yara suka gaji, aka bar mata suna tura lilo da hannu. Ku tuna Haiti bayan girgizar ƙasar Janairun 2010: kwalarar da ta kashe kusan mutum 10,000 daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito, kuma sai a Disambar 2016 babban sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi gafara. Duk waɗannan don taimako aka je.

Injiniya Bala: Aminu, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma ni zan iya ƙara maka. Amma in ka kammala da cewa kowa ya zauna gida, a nan muka rabu.

Shekara 2 na yi a Malawi kan aikin rijiyoyin burtsatse. Wata 6 na farko, in faɗi gaskiya, ban amfani kowa ba. Ina yawo da tafinta, ina auna ƙasa, ina rubuta rahoto. Mun haƙa wata rijiya mai ruwa garau, aka yi bikin buɗewa, bayan wata 4 na koma na tarar mata sun koma rafi. Na hau faɗa. Sai da na fara jin Chichewa, harshen mutanen yankin, yadda zan zauna da tsofaffin mata ba tare da tafinta namiji a tsakaninmu ba, sannan aka gaya mini. Ranar da muka zo zaɓen wuri, maza kaɗai muka tara. Suka nuna filin wani mai faɗa-a-ji. Rabin matan garin ba sa shiri da gidan, kuma duk wadda ta zo ɗiba sai an yi mata gori. Mazan da muka tambaya ba su ne ke ɗiban ruwa ba.

Sai matsalar gyara. Famfon tuƙa-tuƙa irin Afridev an ƙera shi ne yadda mutanen ƙauye za su iya kwance shi da 'yan kayan aiki kaɗan. Abin da ya fi kashe shi 'yar roba ce da ke cinyewa a ciki. In babu wanda aka koya wa canza ta, babu inda za a saya kusa, babu asusun da ake tarawa, to ƙaton aiki ya mutu saboda abin da bai kai tafin hannu ba. Mai ba da tallafi yana son hoton sabuwar rijiya da allon sunansa. Ba wanda yake son hoton roba. Shekarata ta biyu kusan duka a kan wannan ta ƙare: koyar da masu gyara, yawancinsu mata, da shawo kan 'yan kasuwa su riƙa ajiye kayan.

Abin da ya canza a kaina shi ne ma'anar aiki. Da, in na ga siminti ya tashi sai in ce an yi aiki. Yanzu tambayata ita ce, bayan shekara 5, wa zai gyara? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kuma ba banza ba ne ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar suke tura mutum na dogon lokaci. Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta Amurka da aka kafa a 1961 zamanin Shugaba Kennedy, shekara 2 take ajiye mutum bayan watannin koyon harshe. Shekarar farko ta koyo ce, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Aminu: Injiniya, to ka ga ka dawo kan maganata. Kai shekara 2 ka yi. Maryam mako 3 za ta yi.

Injiniya Bala: Mako 3 ba ya gina makaranta. Amma yana iya sa mutum ya koma ya yi shekara 20. Ya danganta da abin da aka gaya masa ya je yi.

Baba Ɗanjuma: Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Ni tsoho ne, ban iya dogon rubutu a waya ba, jikana ke taya ni. Na fita da jama'ar Tablig wata 4, Indiya da Bangaladash. Wannan aiki Maulana Muhammad Ilyas ya fara shi a yankin Mewat na Indiya a shekarun 1920. Abin da aka fara gaya mana shi ne, ba ka fito don ka gyara kowa ba, ka fito gyaran kanka. Da kuɗinka za ka tafi, ka ɗauki shimfiɗarka a ka, ka kwana a masallaci, ka yi wa 'yan uwanka hidima. A gida ni ake gaisarwa. A can na wanke banɗaki, wani yaro sa'an ɗana yana gyara mini karatu. Girman kai da na ɗauka ba ni da shi, a can na gan shi.

Amma 'yata Maryam, ki ji ɗaya ɓangaren. Na san waɗanda suka fita suka bar iyali ba tanadi. Wannan ba daidai ba ne, haƙƙin iyali yana gaba. Na kuma san waɗanda suka dawo suna raina duk wanda bai fita ba. Wannan ya tafi da ciwo ɗaya ya dawo da biyu.

Malam Sani: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ni wanda nake kallo a wannan fage shi ne Dokta Abdurrahman As-Sumait na Kuwait. Likita ne, ya ga halin da ake ciki a Malawi, ya kafa ƙungiyar da ake kira Direct Aid a yanzu, ya yi kusan shekara 30 yana yawo a ƙauyukan Afirka har ya rasu a 2013. Ziyara ɗaya ce ta juya rayuwarsa. Sai dai akwai abin da nake so a taɓo, da neman afuwar 'yan uwanmu Kirista: ana zargin wasu masu mishan da haɗa magani da wa'azi, yadda mai yunwa ba ya iya cewa a'a.

Fasto Yohanna: Ba laifi, Malam Sani, gara a faɗa. Yana faruwa, kuma ba a ɓangare ɗaya kaɗai ba. Ni shekara 7 na yi a fagen mishan a wata ƙasa, kuma wannan ne babban abin da ya canza mini tunani. Da farko nakan ƙirga mutum nawa suka ɗaga hannu bayan wa'azi, in aika gida. Wata rana wani dattijo da ya ɗaga hannu sau 3 a taro 3 ya ce mini, cikin ladabi, ya lura sai an ɗaga hannu ake raba kaya, kuma yana da jikoki. Kunya ta kama ni ƙwarai. Tun daga ranar na raba biyun. Asibiti na kowa ne, ba a tambayar addini a ƙofa. Mai son jin abin da na gaskata ya same ni a gida, ba abin da zai samu ko ya rasa. Ƙa'idar aiki da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da ita a 1994 ma ta faɗi haka, cewa kada a yi amfani da agaji don tallata wata aƙida ta siyasa ko ta addini.

Wanda ya fi kula da ni lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a can, limamin garin ne. Ban bar bangaskiyata ba, shi ma bai bar tasa ba. Amma ba zan ƙara iya magana a kan Musulmi a dunƙule ba, domin in na buɗe baki fuskarsa nake gani.

Malam Sani: Madalla da wannan amsa, Fasto. Mu ma abin ya shafe mu.

Likita Hauwa: Akwai abin da ba a gaya wa mai tafiya: dawowa ta fi tafiya wuya. Na yi kwana 21 a killace, na fito wasu na gudun gaisawa da ni. Wannan ya wuce. Wanda ya daɗe shi ne fushi. Ina ganin ana rigima kan abin da bai taka kara ya karya ba sai raina ya ɓaci. In an ce "yaya hanya?" na fara bayani, minti 2 sai in ga hankalin mutum ya tafi. Na kusa zama irin wanda Baba ya ambata. Mahaifiyata ce ta zaunar da ni ta ce, mutanen nan ba su je inda kika je ba, kuma kowannensu yana ɗauke da nasa kayan da ba ki tambaya ba. Daidai abin da ma'aikaciyar jinyar nan ta koya mini, na kasa yi wa nawa.

Aminu: Wannan ya kawo ni tambayata ta ƙarshe. Mabuƙata suna ko'ina, har bayan katangar kowa. Me ya sa sai an hau jirgi kafin zuciya ta yi laushi?

Injiniya Bala: Saboda ido yana sabawa. Almajirin hanya ko gurgun da kake wucewa kullum ya zama kamar bango a wurinka. A ƙasar wani ba ka saba da komai ba, sai ka ga komai. Kuma a can ba ka da suna, ba ka da dangi, ba ka iya magana ba, yaro ƙarami ne zai nuna maka hanya. Ni sai da na dawo na ga famfo 3 matattu a hanyar da na shekara ina bi. Da can suna nan. Biyu suna aiki yanzu, na ukun muna kai.

Aminu: Wannan na yarda da shi. Amma ina nan kan bakata game da gidajen marayu da tafiyar hoto.

Rifkatu: Ni ma ina tare da kai a nan. Maryam, kafin ki ba da amsa ki tambayi masu tafiyar: wa ya nemi aikin, makarantar ko su? Magina 'yan garin za a ɗauka a biya, ko ku za ku karɓe musu aiki? Malaman makarantar ina za su kasance sa'ad da kuke koyarwa, kuma da wane harshe? Sun taɓa komawa inda suka yi aiki bara? Kuma me suka tanada don kare yaran, har da ɗaukar hotonsu?

Maryam: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na tura wa shugaban tawagar tambayoyin Anti Rifkatu jiya da dare, ya amsa da safen nan. Ya ce shugabar makarantar ce ta rubuto musu, wannan ne zuwansu na 4 wuri ɗaya, kuma magina 'yan garin ne, mu miƙa bulo da fenti ne namu. Kan koyarwa kuwa ya ce ba su taɓa tunanin abin da malaman suke yi a lokacin ba. Na ce masa ni ba zan karɓi aji ba, zan zauna a baya in taya malama duk abin da ta sa ni. Ya ce zai kai maganar gaban sauran. Ban biya ba tukuna, ina jiran abin da za su yanke.

Injiniya Bala: Ki roƙe shi lambar shugabar makarantar ki ji daga bakinta. Kuma wane harshe ake yi a garin? In kin faɗa mini, wataƙila in san wanda zai fara koya miki gaisuwa kafin ranar.